Ƙuri'ar Wankin Kwata

A gidanmu da ke unguwar Magajiya ba a wankin kwata bi da bi, ƙuri'a ake yi. Baba ne ya kawo wannan tsari tun ina ƙarama, bayan ya gaji da raba gardama. Gidan namu ne, muna ba da hayar ɗakuna, kuma a Suleja ɗan haya ba ya zama wuri ɗaya. Wannan ya tafi gida Kirsimeti, wancan ya tafi biki ko jana'iza, wani kuma aiki ya riƙe shi a Abuja. In sun dawo, kowa sai ya rantse cewa layinsa ya wuce yana hanya. Sai Baba ya ce a daina tone-tonen baya. Duk Asabar da safe a taru a tsakar gida, kowa ya ja tsinke.

Tsinkayen tsintsiya ne, ɗaya a cikinsu gajere. Wanda ya ja gajeren, kwata tasa ce ranar. Da Baba ya rasu, Mama ta gaji riƙon su. Takan dunƙule su a hannun dama, ta daidaita kawunansu da babban yatsa, ta kau da kai gefe, kowa ya ja. Wanda ya rage a hannunta shi ne namu. In namu ne gajere, ni ce mai shiga takalmin ruwa.

Kwatar ta taso ne daga wajen wanke-wanke, ta bi ta bayan banɗaki, ta kurɗa ta ƙarƙashin ƙofar gida, ta faɗa babban lambatun titi. Duk abin da gidan ya ci a mako ta sani. Ƙwayar shinkafa, ɓawon albasa, jan manja, ƙashin kifi, duk suna nan kwance a cikinta suna jiran Asabar. Da damina kuma sai yashi ya ƙara mata kaya.

A shekarar da nake ba da labari, ɗaki huɗu ne ke jan tsinke. Akwai mu, ni da Mama. Akwai Madam, mutuniyar gabas mai sayar da kayan roba a kasuwa, wadda ta daɗe a gidan har ta goya ni ina jaririya. Akwai Malama, 'yar Filato, mai koyar da lissafi a wata sakandare. Sai Oga, sabon shigowa, mutumin Kogi, ma'aikacin gwamnati a Abuja. Iyalinsa na gida, shi kaɗai yake zaune. Tun duku-duku yake fita don ya riga cunkoson hanya, kuma ban taɓa ganin ƙura a takalminsa ba, ko da ya dawo da yamma. Ni kuwa na gama jami'a, ina zaman jiran takardar bautar ƙasa, ba ni da aikin da ya wuce karance-karance da kallon hadari ta taga.

Wata Asabar Oga ya ja gajeren tsinke karo na biyu cikin wata guda. Ya ɗaga shi sama, ya juya shi, ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Hajiya, ba wai zargi nake yi ba fa," in ji shi. "Amma hannun da ya riƙe tsinke ai ya san inda gajeren yake."

Madam ta ce, "Oga, abeg, wace irin magana ce wannan da sassafe?"

"Gaskiya ce, Madam. A ofis ɗinmu an daina irin wannan. Komai kwamfuta ce yanzu. Kwamfuta ba ta da ɗan uwa, ba ta da maƙwabci."

Mama ta buɗe hannunta, ta zube sauran tsinkayen a bakin taga, ta shige ɗaki. Ranar na ga tana ninke kayan da ta riga ta ninke jiya. Da rana ta tuƙa tuwo, ta zuba wa kowa, ita ba ta ci ba. Mama mace ce da ake kawo wa rabon naman suna daga gidaje uku, saboda an san ba ta karkata. Ban taɓa jin wani ya taɓa ta ta wannan gefen ba sai ranar.

Malama ce ta ce to, tunda kwamfuta ake so, ai ga yarinya da laftof a gida. Haka aikin ya faɗo kaina.

Na buɗe shafin lissafin nan mai gidaje-gidaje, wanda in ka dube shi daga nesa kamar gonar da aka ja wa kunya tsaye da kwance. Ina son shafin tun a makaranta, saboda shirunsa. Na jera ɗakuna huɗu a gefe. Na ware gida ɗaya na kwanan wata. A tsakiya na yi wani babban gida ruwan ɗorawa, na saka masa fomula mai zaɓo ɗaya daga cikin huɗun ba tare da duba fuskar kowa ba. Ɗabi'ar fomular ita ce, da zarar an rubuta wani abu a ko'ina cikin shafin, sai ta sake zaɓe da kanta. Saboda haka Oga da bakinsa ya kafa doka: a rubuta kwanan watan Asabar sau ɗaya tak, a gaban kowa, sunan da ya fito shi ke nan. Ba sakewa, ba roƙo.

Makonnin farko abin ya yi aiki lafiya lau. Malama ta fito, mu muka fito, Madam ta fito, mu muka sake fitowa. Oga kuwa sai ya tsaya a ƙofar ɗakinsa da kofin shayi yana kallona ina turo ruwan kwata.

"Injiniya, sannu da aiki," yakan ce. "Kin ga adalci ko? Ko mai kwamfutar ba ta tsira ba."

Ni dai sai in ce yauwa Oga, in ci gaba da shara, raina na tafasa a hankali kamar ruwan da aka manta a kan garwashi.

Wata Lahadi da la'asar Oga ya yi sallama a ƙofarmu da filashi a hannu. Akwai wani fayil na ofis da yake so ya duba kafin Litinin, ga shi ya baro tasa kwamfutar a wurin aiki. Na kunna masa tawa a kan tabarma. Fayil ɗin ƙato ne, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya buɗe, layuka kamar ba za su ƙare ba. Da ya gama dube-dubensa, bai rufe ba ya ce in buɗo masa shafin ƙuri'a, yana da shawara. Rubutun babban gidan ya yi ƙanƙanta, a ƙara masa girma yadda wanda ke tsaye a bakin famfo ma zai iya karantawa. Na ƙara. Ya ce a ƙara kuma. Na ƙara, na adana. Sunan da ke cikin gidan a lokacin nasa ne, manya-manyan baƙaƙe.

Ya yi dariya. "Allah ya taimake ni yau ba Asabar ba ce."

Wannan ne karo na ƙarshe da na adana shafin. Ranar Asabar ba na adanawa. In rubuta kwanan wata, a ga suna, in rufe. In kwamfutar ta tambaye ni ko a adana canji, in ce a'a, don tsoron kada in ɓata abin da ke aiki.

Asabar ta zo. Na ɗora laftof a kan turmin da aka kife, na rubuta kwanan wata, na danna. Oga.

Ya karɓi abin da mutunci, ba zan ƙi faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya fito cikin takalmin ruwa sabo fil, da safar hannu har gwiwar hannu, da takunkumi, da wata tsohuwar rigar ƙwallo da ta ɗame masa ciki. Kai ka ce tiyata za shi. Ya wanke kwata yana tari, ya wanke hannunsa sau uku, ya ce doka doka ce.

Asabar ta biyu, Oga.

"Sa'a ce," in ji shi, muryarsa ta ɗan sauka. Malama, wadda ba ta iya ganin lamba ta wuce, ta ce hakan na faruwa, ɗaya ne cikin goma sha shida.

Asabar ta uku, Oga. Madam ta yi dariya har sai da ta dafa bango tana gyara ɗaurin zaninta.

"A sake bugawa!" in ji Oga.

"Wa ya kafa dokar sau ɗaya?" Malama ta tambaye shi a hankali.

"Oya, Oga, ga bokiti," in ji Madam. "Kwamfuta ba ta da ɗan uwa, amma da alama ta samu miji."

Har zuwa nan, Allah shaida, ban san komai ba. Ni ma na ɗauka sa'a ce.

Ranar Litinin gidan ya watse, Mama ta tafi barka, aka kece da ruwa. Ina son gidanmu in ana ruwa ba kowa, kwano na kiɗa, tsakar gida ta zama tafki mai ƙananan idanu. Na buɗe shafin don kawai in rage lokaci. Na rubuta kwanan watan ranar. Oga. Na rubuta na jibi. Oga. Na rubuta ranar haihuwata, na rubuta wata rana da ba ta zo ba tukuna shekara hamsin nan gaba. Oga, Oga. Kwanan wata yana canzawa, babban gidan ko motsi. Fomular na nan yadda na rubuta ta, ba abin da ya taɓa ta. Ta dai daina zaɓe ne kawai, ta zauna a kan amsarta ta ƙarshe kamar kazar da ke kwanci.

Can ƙasan allon na lura da wata 'yar kalma da ban saba gani ba, tana nuna akwai lissafin da ke jira. Na ɗauki waya na bincika. Ashe shafin yana da hali biyu. Ko ya riƙa sake lissafi da kansa duk lokacin da aka taɓa shi, ko ya naɗe hannu sai an ce masa yi. Manyan fayilolin ofis ana yawan saka su a hali na biyu, don in ba haka ba nauyinsu sai ya riƙa tsayar da kwamfuta. Kuma manhajar tana ɗaukar halin fayil ɗin da aka fara buɗewa, ta shafa wa duk wanda ya biyo baya. Ƙaton fayil ɗin Oga ne aka fara buɗewa ranar Lahadin nan. Nawa ya biyo baya, ya kwashi halin, ni kuma na adana shi da shi, da sunan Oga a ciki.

Bayanin ya ce in ana so ya yi lissafi a danna maɓallin F9. Na danna. Madam. Na sake. Mu. Na sake. Malama. Sunaye suka riƙa wucewa kamar 'yan rawa. Gyaran gaba ɗaya dannawa biyu ne, a mayar da shi ya riƙa yi da kansa, a adana. Na kai kibiyar allon daidai wurin.

Sai na tuna Mama tana ninke kayan da ta riga ta ninke.

Na janye hannuna. Na rufe shafin. Kwamfutar ta tambaye ni ko a adana canji. Na ce a'a. Na sake buɗewa don in tabbatar. Oga na nan daram, cikin manyan baƙaƙen da ya zaɓa da kansa. Na kwanta a kan tabarma na yi dariya ni kaɗai har hawaye, ruwa na rufa mini asiri.

Na yi wa kaina bayani mai kyau ƙwarai. Ba ni na lalata ba. Fayil ɗinsa ne. Shi ya ce kwamfuta, shi ya ce sau ɗaya, shi ya ce a ƙara girman rubutu. Ni abin da zan yi kawai shi ne in ƙi yin komai, kuma ƙin yin komai sana'ata ce a wannan shekarar.

Asabar ta huɗu na yi abin da kyau. Na goge allon da gefen mayafina. Na yi bisimilla a bayyane. Oga ya tsaya a bayana, ya goge tabarau, ya sunkuyo har ina jin ƙamshin man gashinsa. Na rubuta kwanan watan lamba ɗaya bayan ɗaya, na ɗan dakata da yatsa a sama, na dubi kowa, sannan na danna.

Madam ta rangaɗa guɗa irin wadda ta koya a bukukuwan unguwa.

"Nuna mini fomular," in ji Oga.

Na nuna masa. Ya karanta yana motsa leɓe, daga farko har ƙarshe, ya sake. Ba ta da aibu ko ɗaya. Ya miƙe tsaye, ya dubi sama kamar mai neman wanda ya yi masa wannan, ya tafi ɗauko takalminsa.

Abin da ban zata ba shi ne, Oga ya fara iya aikin. Ya sayo buroshin waya. Ya samo wani guntun raga ya datse bakin kwatar don ta riƙa tare ƙashin kifi. Ya gano wani lungu a bayan banɗaki inda yashi ke taruwa, wanda mu duk shekarun nan tsallake shi muke yi. Ya daina saka takunkumi. Da yamma in ya dawo daga Abuja, kafin ya buɗe ɗakinsa sai ya leƙa kwatar, hannu a baya.

"Madam, wa ya zubar da manja a nan?"

"Kwatarka ce, Oga? Ka biya sadakinta?"

Tun da aka gina gidan kwatar ba ta taɓa yin haske haka ba. Har simintin ƙasanta muka gani, ashe akwai sawun kaza a jiki tun ranar da aka zuba shi. Na ƙara wannan a cikin hujjojina: gidan ma ya amfana.

Asabar ta biyar ya ce shi zai rubuta kwanan watan da hannunsa. Na matsa na ba shi wuri. Ya rubuta da yatsa ɗaya, ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Sunansa ya ci gaba da kallonsa. Kafaɗunsa suka sauka, ya tafi. Madam ta yi dariya, amma Malama ba ta yi ba.

"Ɗaya cikin dubu da ashirin da huɗu," in ji ta, kamar mai magana da kanta. Ta dube ni ta saman tabarau. "Ƙanwata, lallai Oga mai sa'a ne."

Na ce ƙwarai kuwa, na shiga naɗe wayar caja da natsuwa.

Ranar Talata da yamma ina tsince shinkafa a ƙofar ɗaki, Mama na tarar ruwa a famfo, Madam ta dawo daga kasuwa. Ta sauke kayanta, ta leƙa ta ga ƙofar Oga a kulle, ta matso kusa da Mama tana murmushi.

"Hajiya, kin iya! Wallahi kin iya. Na sara miki."

"Da na yi me, Madam?"

"Abeg, bar wannan. Ni ce fa. Na faɗa wa matan layinmu a kasuwa, na ce Hajiyarmu ba ta faɗa, ba ta zagi. Amma ka taɓa ta, sai ta sa 'yarta ta ɗaure ka a cikin kwamfuta. Sati biyar! Sun yi dariya har mai tumatir ta ce a ara mata yarinyar, tana da wani maƙwabci."

Bokitin Mama ya cika ya fara zuba, ba ta rufe famfon ba. Madam ce ta miƙa hannu ta rufe.

"Haka ake faɗa a kasuwa?" in ji Mama.

"Yabo ne fa, Hajiya."

Mama ta ɗauki bokitin ta ajiye a ƙofar kicin. Ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta ce, "Zo."

A ɗaki ta zauna a bakin gado, ni na durƙusa a ƙasa.

"Akwai hannunki a ciki?"

"Mama, ban taɓa komai ba."

"Ban tambaye ki abin da kika taɓa ba. Me kika sani?"

Na faɗa mata duka, da fayil ɗin ofis, da ranar ruwan sama, da F9. Ba na jin ta fahimci rabin bayanin, amma ta fahimci inda ya kamata. Ta tambaye ni Asabar nawa na sani. Na ce biyu.

"Mutumin nan ya ce gidan nan ana maguɗi," in ji ta. "Ranar da ya faɗa, ƙarya ya yi mini. Yau kin mayar da ita gaskiya."

"Don ke na yi, Mama."

"Na sani. Shi ya sa ban ɗauko muciya ba."

Na ce zan gyara yanzu-yanzu, dannawa biyu ne, ranar Asabar wani sunan zai fito, ba wanda zai sani.

"Sai a ce Hajiya ta huce ta kwance shi, ko? Sai mai tumatir ta ƙara wani babin." Ta girgiza kai. "A gaban wa kika buga?"

"A gaban kowa."

"To."

Kwana huɗun da suka biyo baya na yi su ne ina shirya jawabi. Na tsara shi a raina da kalmomi masu laushi, har da wani wuri da zan kwatanta shafin da agogon da ya tsaya. Ranar Asabar da na ga fuskoki uku sun kewaye turmi, Oga har ya riga ya saka takalmin ruwansa don ya rage wa kansa tafiya, jawabin ya gudu ya bar ni.

Na ce, "Ku duba nan." Na rubuta kwanan wata. Oga. Na rubuta wani. Oga. Na danna F9. Malama. Na sake. Madam. Na sake. Mu.

"Ta daina zaɓe da kanta tun sati biyar," na ce, idona a kan allo. "Na gano bayan sati na uku. Na yi shiru. Mama ba ta sani ba sai ranar Talata."

Oga ya dubi allon. Ya dubi takalminsa. Ya dubi buroshin wayar da ke hannunsa.

"Sati biyar," in ji shi. "Ni, mai mata da 'ya'ya uku. Ni da nake da mutum shida a ƙarƙashina a ofis. Injiniya! Kin san har coci na je na ce a sa ni a addu'a?"

Madam ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa.

"To me ya tsayar da ita?" Malama ta tambaya. Ita dalilin take so.

Na yi bayanin fayil ɗin da aka fara buɗewa ranar Lahadi. Na yi shi a taƙaice, ban ɗaga murya ba, amma na ji daɗin kowace kalma. Oga ya sosa ƙeya. Ya ce lallai kam, a ofis sai sun danna wani abu kafin jimla ta fito, shi dai ya ɗauka haka kowace kwamfuta take.

"Ka ga, Oga," in ji Madam, "ashe kai ka kawo mata cutar daga Abuja."

"Wannan ba hujja ba ce," Mama ta katse. Ta tsaya ne a ƙofar kicin tun ɗazu, hannunta a naɗe. "Sati uku na farko ba laifin kowa ba ne. Biyun ƙarshe na 'yata ne, kuma za ta biya. Yau da Asabar mai zuwa ba ƙuri'a. Ita ce da kwata."

"Huɗu, Hajiya," in ji Oga. "Na farkon kawai na yarda da shi."

"Fayil ɗin wa ya tsayar da ita?" in ji Malama.

Aka yi ta ja, aka tsaya a uku. Ba wanda ya nemi ra'ayina. Madam ta matsa kusa da Mama ta riƙe mata hannu, ta ce yau ɗin nan za ta koma layinsu ta gyara maganar, mai tumatir ce za ta fara ji. Oga ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Hajiya, wadda ta tona 'yarta a gaban 'yan haya ba ta maguɗi. Na yi kuskuren magana. Ki yafe ni."

"Ya wuce, Oga," in ji Mama. Ta juya ta shiga kicin, na ji ta ɗora tukunya da ɗan ƙarfi, irin yadda take yi in ranta ya yi sanyi.

A gaban kowa na mayar da shafin ya riƙa lissafi da kansa, na adana, Malama ta gwada sau goma don ta tabbatar. Sannan na shiga takalmin ruwa.

Oga ya fito da kujerar roba ya dasa a bakin kwata, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga kofin shayi. Na fara shara daga wajen wanke-wanke. Rana ta fito bayan ruwan jiya, kumfar sabulu na tafiya a kan ruwan da launi bakwai a bayanta, na ɗan tsaya ina kallon yadda take bin kwana.

"Injiniya, kwata ake wankewa, ba kallonta ake yi ba."

Na ci gaba.

"Ba daga nan ake farawa ba. Ki fara cire ragar. A'a, a hankali, za ki lanƙwasa ta! Lungun bayan banɗaki fa? Kin tsallake lungun."

Na koma lungun. Na kai buroshin na dawo da shi yadda na iya.

"Kai, kai, kai. Shafa shi kike yi kamar jariri." Ya ajiye kofin a ƙasa. Ya miƙe. "Kawo nan. Kawo in nuna miki sau ɗaya."

Na miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi. Ya tattare hannun riga, ya sunkuya, ya shiga dirzar lungun yana bayani, yashi na tashi, siminti na fitowa. Ya gama lungun ya zarce gaba. Na ja da baya kaɗan don kada in tare masa haske. Ya kusa kai rabin kwatar, Madam na leƙe ta labule tana cizon yatsa, sai muryar Mama ta fito daga kicin, ko leƙowa ba ta yi ba.

"Oga, ba ta buroshinta."